Kwalin Kalmomin Kawu

Zuwa ga 'yata Aku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yarinyar. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwa ce dai take tashina kafin kowa ya tashi. Innarki, uwargidan tawa, tana fama da bayanta, amma bakinta lafiya lau, shi kam bai taɓa ciwo ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabonmu da haɗuwa tun rasuwar mahaifiyarki. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙanwa ne, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe, saboda haka duk nisan da kika yi ina da ikon ɗora miki aiki. Ni ne kuma na sa miki Aku, lokacin da kike bin manya kina maimaita duk abin da suka faɗa. Ga shi yanzu an ce a kan haka ake ba ki albashi, ki bi kalma ki gano daga ina ta fito.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san ƙarfina a ɗakin ajiyar kaya na kamfani ya ƙare, ina karɓar kwalaye ina sallamar kwalaye. Babu ƙasar da kwalinta bai ratsa ta hannuna ba, kowanne da rubutun mutanensa a jiki. Wata rana aka sauke mana kayan gwangwani na Turkawa, sai na ga an rubuta gida ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Wakilin da ya rako kayan ya ce mini abinci ke nan a harshensu. Na ce to ai magana ta fito, ina ake cin abinci in ba gida ba? Tun daga ranar nake yanka kwalin da aka yar, girman tafin hannu, kalma ɗaya kati ɗaya. Tamu a sama, tasu a ƙasa, dalili a gefe.

Abin da na gani ya fi ƙarfin a ce dace ne. Mutanen Fotugal suna ce wa shanu gado, kin kuwa san abin da kakanninmu suke bar wa 'ya'yansu. Italiyawa suna ce wa kwaɗo rana, don shi ne mai fitowa shan rana a bakin ruwa. A jikin kwalbar maganin idona an rubuta kalmar mata, aka ce ido ke nan a harshen Malayawa, kuma duk wanda ya zauna da Innarki ya san mata su ne idon gida. Ni dai abin da na fahimta, harsunan duniya daga namu suka tsiro, nisa ne ya sa suka manta gida.

Na aika miki kwalin katunan gaba ɗaya. Abu ɗaya nake roƙo, shafi guda na gabatarwa da sunanki a ƙasa. Mai ɗab'in da ke bakin layinmu ya ce zai buga in wani masani ya sa hannu. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata kuma ta ba ni lokacin magana a taron ƙarshen shekara.

Ba don ina son matsa miki ba, amma likita ya ce ruwan da ke taruwa a cikin ido ne ke danne jijiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Gefe da gefe ya riga ya rufe, yanzu kamar ta bututu nake kallon duniya. Ina so in ga bangon littafin nan da idona kafin ragowar ta tafi.

Kada ki ce za ki kira ni mu yi maganar. Waya ta gaisuwa ce. Ni mutumin takarda ne, a wurina kaya ba sa shiga ba sa fita sai da rubutu.

Naki,
Kawu

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya tsayar da ciwon idon nan inda ya tsaya. A gafarce ni da jinkirin amsa. Yarinya ce ta yi zazzaɓi ya ƙi sauka, maigidan kuma an mayar da shi wani reshe, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Yanzu dai ta warware, har ta koma makaranta.

Kwali ya iso. Mai gadin ofishinmu ne ya taya ni hawa bene da shi, yana tambaya ko duwatsu aka aiko mini daga gida. Yana nan ƙarƙashin teburina, a kansa nake ɗora ƙafa.

Kawu, kada ka ɗauka aikin namu wani abu ne mai daɗi. Ɗaki ne mai taga ɗaya, fanka tana juyawa tana kuka, mu huɗu kowa ya dunƙule a kan takarda. Ƙamus muke yi wanda aka fara tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma ina jin sai an binne ni za a gama shi. Tun bara muke kan harafi ɗaya. In na dawo gida kalmomi ke yi mini yawo a ido, ko takardar makarantar yarinya ba na son buɗewa. Na gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa.

Na buɗe kwalin na ɗan duba na sama. Gaskiya ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ka ba ni lokaci in zauna da shi tukuna kafin in ce komai a kan gabatarwa.

'Yarka,
Aku

*

'Yata Aku,

Muna gaishe ku, muna yi wa yarinya barka da samun lafiya. Wannan rubutun Innarki ne, ni nake faɗa tana rubutawa, kada ki ga ya karkace ki ɗora wa tsufana. Layin takarda ya daina tsaya mini wuri ɗaya. Manyan haruffa ne kawai nake iya kamawa, su ma sai na fita ƙofar gida inda haske yake.

Takardarki ta faranta mini rai. Da Innarki ta zo inda kika ce ba ki taɓa ganin aiki irin wannan ba, sai da na sa ta maimaita. Washegari na dogara sandata har shagon mai ɗab'i na faɗa masa, ya ce to ya fara neman takardar bango. Shugaban ƙungiyarmu ma ya ce zai ambaci sunanki a takardar gayyata, don mutane su san ba tatsuniya tsoho zai yi musu ba. Akwai wani tsohon malamin makaranta a cikinmu da ya daɗe yana yi mini dariyar ƙeta, yana ce mini Farfesan Kwali. Ina so in ga fuskarsa ranar, in Allah ya bar mini abin ganin.

Amma tun daga wannan takarda shiru. Wata ya wuce, wani ya bi shi. Da kika kira muka gaisa, na ji kina ta tambayar gwiwa kamar ita ce ta aika miki kwali. Na ƙyale ki, tunda ni na hana a yi maganar a waya. Shafi ɗaya ne fa, Aku.

Naki,
Kawu

Aku, ni ce Inna, ya tafi alwala na ƙara wannan. Duk ƙarar babur da ya ji a layi sai ya ce in leƙa ko mai kawo wasiƙa ne. Jiya ya zuba shayi a gefen kofi bai sani ba, na goge ban faɗa masa ba. Ko mene ne za ki rubuta, ki rubuto.

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Muna lafiya, sai dai aiki. Na jinkirta ne don na rasa ta inda zan fara, na yi ta rubutawa ina yagawa. Abin da na ce a takardar baya, yawan aikin nake nufi da wahalar da ka sha. Ban kai ga cewa komai a kan abin da ke ciki ba.

Na zauna da kwalin. Na ɗebo daga sama, na ɗebo daga tsakiya, na ɗebo daga ƙasa. Kawu, ba zan iya sa sunana a kan cewa harsunan duniya daga namu suka fito ba, domin ba haka ba ne. A aikinmu kamannin rubutu ba ya zama shaida. Sautukan da bakin mutum ke iya yi kaɗan ne, kalmomin duniya kuwa ba sa ƙirguwa, dole wasu su yi karo da juna, kamar yadda za ka ga mai kama da ƙaninka a tasha alhali ba ku haɗa komai ba. Abin da muke yi shi ne mu bi kalma baya, mu ga yadda kakannin masu ita suka faɗe ta da yadda suka rubuta ta.

Gida ta Turkawa aro ce daga kalmar Larabci ta abinci, kuma harafinta na biyu ma ba irin namu ba ne, in ka lura babu ɗigo a kansa. Gado ta mutanen Fotugal daga tsohuwar kalmarsu ta samu ta fito, wato abin da mutum ya samu. Rana ta Italiyawa tun a Latin take nufin kwaɗo, ba ta taɓa nufin abin da ke sama ba. Mata ta Malayawa tana da danginta a tsibiran da ke kewaye da su, duk ido suke nufi. Ko sunan da ka sa mini, a harshensu aku ita ce kalmar da mutum ke kiran kansa da ita, wato ni, kuma ba ruwansa da tsuntsu. Baba da mama da ka tara musu kati da yawa, a ko'ina ana samunsu, don su ne abin da leɓen jariri ke fara iyawa.

Amma ba duka ne suka faɗi ba. Katinka na tasa ya tsaya. Tasarmu da kalmar da Faransawa ke kiran kofin shayi da ita 'yan uwa ne na gaske, mu da su duk daga Larabawa muka karɓa. Sukari ma haka, sabulu ma haka, sun yi tafiya mai nisa daga hannun 'yan kasuwa zuwa hannun 'yan kasuwa. Alƙali kuma yana da ɗan uwa a harshen Sifaniyawa, kalmar da suke kiran shugaban gari da ita. Idonka ya ga abubuwa na gaske, Kawu, kuma babu wanda ya koya maka.

Sai dai ko a nan, wanda ka haɗa alƙali da shi, wato alkali na masu haɗa sinadarai, daga kalmar toka ya fito. Sau da yawa dangin gaske ba sa kama da juna a rubuce. Wa zai kalli littafi ya ce daga kitab ya fito? Amma daga can yake.

Ina roƙonka ka dakatar da mai ɗab'i, ka kuma ce a cire sunana daga takardar gayyata. Ba na so ka tsaya gaban mutane wani ya kunyata ka, kuma ni ma a wurin aiki ba zan iya kare wannan magana ba. Raina bai so rubuta wannan takarda ba ko kaɗan.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina alfahari da kai.

'Yarka,
Aku

*

'Yata Aku,

Muna lafiya, muna gaishe ku. Gwiwa ta yi sauƙi, ko kuma farin ciki ne ya sa na manta da ita.

Allah ya yi miki albarka. Tasa ta tsaya, sukari ya tsaya, sabulu ya tsaya, alƙali ma ga shi da ɗan uwa a wata ƙasa. Ashe dai ba a banza na yi ta tsintar kwali mutane suna kallona ba. Inda kika ce duk daga Larabawa aka karɓa, a nan ina da 'yar magana, don ban san wa ya tabbatar ba su ne suka karɓa daga wurinmu ba, amma wannan sai mun zauna. Na yi mamakin gajartar takardar, na ce wa Innarki ambulan ya yi nauyi a hannu, ta ce takardar ofis ce mai kauri. Yanzu saura gabatarwar. Ki faɗi abin da kika faɗa ɗin nan, ki ƙara kaɗan, ya isa.

Naki,
Kawu

Aku, Inna ce. Kada ki yi mamakin abin da ke sama. Na fara karanta takardarki ni kaɗai a kicin kafin in kai masa. Da na zauna gabansa na karanta gaisuwa, na tsallake, na karanta wurin tasa da sukari, na tsallake, na karanta ina alfahari da kai. Sauran na ninke na sa a ƙasan akwati.

Ki yi fushi in kin ga dama. Ke kina can, ni nake ganinsa. Mutumin nan ba ya iya zuwa kasuwa, ba ya iya kallon labarai, abokansa rabi sun rasu. Da safe in ya karya sai ya zauna yana jero mini kalmomin nan da ka, ni kuwa na ji su har sun fita raina. Shekara da shekaru ina share guntun kwali a ƙarƙashin gado, ina ce masa wannan aikin banza ne. Yau da aka ba ni takardar da ta ce ina da gaskiya, sai na kasa karantawa. In an karɓe masa wannan, ki gaya mini me zan ba shi ya riƙe daga safe zuwa yamma.

*

Inna,

Ina gaishe ki, ya bayan naki? Wannan taki ce ke kaɗai, shi ya sa na sa sunanki a ambulan.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na kwana biyu ina jin haushinki, daga baya na ga ba ni da bakin magana, tunda ni ma na kira shi na ɓuya a bayan gwiwa. Amma Inna, taron nan yana matsowa. Tsohon malamin da yake faɗa ba zai tsallake komai ba, a gaban kowa zai faɗa masa, kuma ba da tausayi ba. Sannan Kawu zai juyo ya tambayi wanda ya karanta masa takardata. Ke kaɗai ce idonsa yanzu. In ya daina yarda da abin da kike karanta masa, ko takardar magani ba zai ƙara sakin jiki da ita ba.

Ban san me za ki ba shi ya riƙe ba. Na yi ta tunani ban samo ba. Abin da na sani kawai, gabatarwar ba za ta zo ba, kuma ba daidai ba ne ya ci gaba da jiran ta. Ki karanta masa duka. In ba za ki iya ba, ki faɗa mini in nemi izini a wurin aiki in zo in karanta da bakina.

'Yarki,
Aku

*

Aku,

Muna lafiya. Bayan yana nan yadda yake. Ba sai kin zo ba, na karanta.

Da hantsi ne, yana zaune a kujerarsa ta ƙofar ɗaki. Na ce, Malam, takardar yarinyar nan ban karanta maka duka ba. Ya ce, to karanta. Na karanta tun daga gaisuwa har sa hannu. Bai katse ni ba, shi da ko labarai ake yi sai ya yi gardama da rediyo. Na gama na ninke takardar. Can ya ce, koma inda ta ce ta ɗebo. Na koma. Ya ce, daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa? Na ce haka ta rubuta. Ya ce in kawo masa sandarsa. Shi da kansa ya je wurin mai ɗab'i ya ce a dakata, ya wuce gidan shugaban ƙungiya ya ce a ba wani lokacinsa. Da ya dawo bai ci abincin rana ba. Ni bai ce mini komai ba a kan abin da na yi, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Yau ya ce in ɗauko biro. Ga nasa.

'Yata, na ji. Ba zan ce bai yi ciwo ba. Na dakatar da komai, sunanki ba zai fito a inda ba ki sa shi ba.

Amma kada ki dawo mini da kwalin nan haka. A ɗakin ajiya, ko mota ta zo da kaya suna wari tun daga bakin ƙofa, ban taɓa sa hannu a mayar da su don na buɗe kwali uku ba. Ɗaya bayan ɗaya nake buɗewa, in rubuta a jikin kowanne abin da ya same shi. Direbobi sun zage ni a kan haka, manaja ma ya ce ina ɓata lokaci. Ba wai ina tsammanin na ƙasan zai gyaru ba ne. Wanda ya ɗora kayan nan mutum ne, ya kamata ya san an duba masa. Bayan kowane kati fari ne, ban rubuta komai ba. Ki rubuta mini a nan daga ina kalmar ta fito, in ba daga wurinmu ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da ƙoƙari. Mu lafiya. An ƙara mana aiki, ɗaya daga cikinmu ya bar ofis ba a kawo wani ba.

Zan faɗa maka gaskiya tun yanzu don kada mu sake komawa gidan jiya. Duba su ɗaya bayan ɗaya ba zai canja abin da na faɗa ba. Kuma katunan nan dubbai ne. Wani a zama ɗaya nake gane shi, wani sai na hau ɗakin karatu na sama na yi ta jan littattafai, wani sai na tambayi wanda ya san harshen. Lokacin da nake da shi na cin abincin rana ne kawai, da ɗan abin da ya rage in yarinya ta fita wasa. Ba aikin wata ɗaya ba ne, ba na shekara ɗaya ba ne. Ka san abin da likita ya ce.

Saboda haka ga wata shawara. Zan iya haɗa ƙaramin littafi cikin 'yan makonni, na kalmomin da suka yi tafiya ta gaske, in ɗauki naka da suka tsaya in cika da waɗanda na sani. Sunanka a bango da manyan haruffa, gabatarwata a ciki. Wannan za ka gan shi da idonka in aka yi sauri. Amma ba zan iya yin biyun tare ba, ƙarfina bai kai ba. Ka zaɓa.

Kafin ka amsa, ga ɗauri na farko a cikin ambulan, na rubuta a bayan kowanne. Ba ko ɗaya da ya tsaya a cikinsu, ka yi haƙuri.

'Yarka,
Aku

*

'Yata Aku,

Gaisuwa gare ku duka. A gafarce mu da dogon shiru, ni ma yau na ɗanɗana miki jira. Na kwanta asibiti kwana kaɗan, aka sallame ni. Innarki tana nan, ta rame, amma tana nan.

Ban amsa miki maganar ƙaramin littafi ba, kuma na ga kin gane, tunda ɗauri bai daina zuwa ba. Na gode da tayin. Na juya shi a raina sosai, don ina son bangon nan, Allah ya sani. Amma wancan littafinki ne da sunana a kai. Ban taɓa sa hannu a kan kayan da ba ni na karɓa ba.

Yanzu maganar bango ta wuce. Bututun ya rufe. Ina gane rana ta fito in na ji ta a fuska, ina gane an kunna fitila, shi ke nan. Na yi kuka ranar da na tabbatar, ba zan yi miki ƙarya ba, Innarki ma ta taya ni.

Ga yadda muke yi. In an yi la'asar ta fito da kujeru biyu, ta ɗauko ɗauri. Ta karanta gaban kati, in faɗi dalilina da ka, sannan ta juya ta karanta naki. Wani in yarda, wani in yi gardama, ita kuma ta goyi bayanki ko ba ta gane ba. Ba ta tsallake komai yanzu, har inda biro ya ƙare miki kika canja wani sai ta faɗa mini. Waɗanda suka faɗi muna mayar da su wani kwali. Waɗanda suka tsaya suna aljihun rigata, har yanzu bai cika ba.

A ɗaurin makon jiya akwai katin mutu. Kika rubuta cewa wannan ba aro ba ne, masana suna ganin mu da Larabawa duk gadonta muka yi daga kaka ɗaya tun kafin a san rubutu. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Duk tarin kwalin nan, wadda ta fito da cikakken dangi ita ce wannan. Na sa ta a aljihu tare da sauran.

Na san kin gaji, ana ji a rubutunki. Ki ci abincin ranarki, Aku, kati ba ya gudu. Kada ki yi sauri da sauran. Ki riƙa aiko su kaɗan-kaɗan yadda kike yi, ko ma ƙasa da haka. Innarki ta lissafa ta ce da wuya in ba ki kai rabin kwalin ba, na ce ta daina lissafa mini. Ban shirya jin an ce ya ƙare ba.

Ki shafa mini kan yarinya.

Naki,
Kawu